Ranar da na taka tabarmar wata Hajiya a ajin yoga, da tarihin da Baba ya sa na tono

1/ Jama'a ku matso kusa. Yau zan ba ku labarin kunyar da na kwasa a Abuja, da yadda ta biyo ni har zauren Baba a Warra, da tarihin da na je na tono don in samu bakin magana. Zaren da tsawo, wanda datarsa ke gargara ya ajiye shi sai dare 🧵

2/ Bara na yi wata shida a Abuja ina horon sanin makamar aiki, irin wanda jami'a ke tura mu. Da ciwon baya na isa. Duk wanda ya san zaman mota daga Warra zuwa Kontagora, mutum huɗu a baya, ga kwalin busasshen kifin wani a kan cinyarka, ba sai na yi masa dogon bayani ba. Na ɗora da zaman kujerar ofis tun safe har la'asar. Likita ya duba ya ce ba abin da ya goce, in riƙa miƙe jiki kawai.

3/ Sai wani abokin Yayana ya ce in bi shi ajin yoga ranar Asabar, a wani gidan motsa jiki. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don laifin duk nawa ne.

4/ Cikin awa ɗaya na yi ɓarna biyar. Na shiga a makare da minti goma. Na shiga da takalmi har tsakiyar ɗaki. Garin neman wuri na taka tabarmar wata Hajiya, ta ɗago ta yi min wani kallo da har yau in na tuna sai ƙeyata ta yi sanyi. Can an yi tsit, ko tari babu, wayata ta ɗauki kuka. Inna ce, tana so ta ji ko na karya.

5/ Ta biyar ɗin ce ta fi muni. Ƙarshen aji malamar ta ce kowa ya kwanta rigingine ya rufe ido. Na duba na ga ɗaki ya zube kamar an yi feshin maganin sauro, na ce to an tashi ke nan. Na naɗe tabarmar aro da ƙarfi, na tsallake mutum biyu, na fice. Abokin Yaya bai ce min uffan ba har muka isa gida.

6/ Duk da haka na ci gaba da zuwa, kuma wallahi bayan ya yi sauƙi. Da na dawo hutu sai na riƙa sauka bakin ruwa bayan asuba ina yin abin da na koya. Warra tana gaɓar gabas ta tafkin Kainji, saboda haka in ka fuskanci ruwa yamma kake kallo. Wani bawan Allah ya hango ni ina ɗaga hannu sama, ina sunkuyawa, ina kai ƙirji ƙasa. Kafin azahar labari ya iso gida cewa ɗan boko ya dawo da sabuwar salla mai ba gabas baya.

7/ Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Bayan isha'i ya kira ni zaure ya ce, "Abin nan da kake yi, ina asalinsa? Su wa suka fara shi, kuma don wa suke yi?" Na buɗe baki na ga ba komai a ciki. Ya ce, "Je ka nemo. Kafin ka samo, ka dakata."

To ga abin da na samo.

8/ Yoga 'yar Indiya ce, wannan ko ɗan kallon finafinai ya sani. Littafin da aka fi jingina ta da shi na wani malami ne, Patanjali, cikin harshen Sanskirit, kuma masana da dama suna ajiye shi wajen shekara ta 400 miladiyya. Gajerun jimloli ne, 195 ko 196 gwargwadon kwafin da ka samu, irin matanin da ɗalibi ke biyawa malami na warware masa. Wanda ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san wannan karatun.

9/ Abin da ya fara ba ni mamaki, cikin jimlolin nan duka uku kacal ne suka taɓo yanayin jiki, abin da suke kira asana. Babu tsayuwa da ka, babu naɗewa kamar gammo. Zama ne na mai son tattara hankali wuri ɗaya. Patanjali ya jera matakai takwas, asana ce ta uku. Biyun da ke gabanta duk tarbiyya ce: barin cutarwa, barin ƙarya, barin sata, kame kai, barin haɗama, tsafta, wadatar zuci da sauransu. Ni da na taka tabarmar Hajiya tun a matakin farko na faɗi.

10/ Amma kada in yi muku rufa-rufa. Littafin na addini da falsafa ne. Burinsa 'yantar da ruhi bisa fahimtarsu, yana maganar miƙa kai ga wanda yake kira Ishwara, kuma sautin nan "Om" da kuke ji ana ja a finafinai, a wurinsa alamar Ishwara ɗin ce. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

11/ Ga wani abu da ban taɓa ji a aji ba. Musulmi sun karanta littafin nan tun shekara dubu da suka wuce. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973 a Khwarizm, ya koyi Sanskirit, ya fassara Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya rubuta babban littafinsa a kan Indiya. Bai zama Bahinde ba. Ya karanta ne don ya san abin da mutanen suke cewa da bakinsu kafin ya yi hukunci. Da na gaya wa Baba wannan sai ya gyara zama.

12/ Lanƙwashe-lanƙwashen jiki sun yi ƙarfi ne daga baya, a reshen da ake kira Hatha. Shahararren littafinsa shi ne Hatha Yoga Pradipika na Swatmarama, a ƙarni na 15. Asana 15 ya bayyana. A nan ne na fara ganin kakannin dokokin da na karya.

13/ Ya siffanta ɗakin da ya kamata a yi abin: ƙaramar bukka a wurin da ba hayaniya, mai ƙaramar ƙofa, ƙasanta a shafe da kashin shanu, a share tas, ba ƙwari. Kada ku yatsina fuska, daɓensu ke nan, kamar yadda iyayenmu mata ke daɓe ɗaki da makuba. Wurin da aka gyara haka, kuma a kansa za ka kwanta ka kifa fuska, wa zai bari ka shigo masa da takalmin da ya bi kasuwa?

14/ Cire takalmi ma a Indiya ya girmi yoga ta aji. Ana cirewa a ƙofar gida, a wurin bauta, a gaban malami. Miƙe wa babba ƙafa rashin kunya ne a wurinsu. Ni abin da ya ƙona min rai shi ne duk na san wannan tun ina allo. Ban taɓa shiga zauren Malam da takalmi ba. Kawai na ga gilasai da na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙwaƙwalwata ta ce nan ba irin can ba ne.

15/ Littafin ya yi maganar ci ma, ya ce a bar kashi ɗaya cikin huɗu na ciki ba komai. Da na karanta sai hadisin nan na raba ciki gida uku ya faɗo min. A aji na yau dokar ta koma haka: kada ka ci abinci mai nauyi awa biyu ko uku kafin a fara. Wanda ya cika ciki da tuwo da miyar kuka ya je ya kifa kai ƙasa, shi da na bayansa duk za su gane dalili.

16/ A ƙarni na 16 wani shehin Sufaye a Indiya, Muhammad Ghawth na Gwaliyor, ya fitar da littafi cikin Farisanci mai suna Bahr al-Hayat, yana bayanin zama da numfashin 'yan yoga. Wajen 1600 aka yi wa Yarima Salim, wanda ya zama Sarki Jahangir, kwafi mai zanen asana fiye da 20. Yana cikin tsofaffin zanen asana da ake da su, kuma a fadar Musulmi aka yi shi. Yanzu yana wani ɗakin karatu a Dablin.

17/ Sai dai duk wannan zamanin babu wani abu wai shi aji. Malami ɗaya ne da almajirinsa, shekara da shekaru, sau da yawa a ɓoye. Ba mutum talatin a layi, ba kuɗin wata, ba ƙarfe bakwai zuwa takwas.

18/ Lokacin mulkin Turawan Ingila ma darajar 'yan Hatha ta zube. Ana yi musu kallon mabarata masu wasa da jiki a bakin titi. Ko Swami Vivekananda, wanda ya yi suna a taron addinai na Shikago a 1893 ya kuma fitar da littafin Raja Yoga a 1896, bai ba lanƙwasa jiki wani muhimmanci ba. Mutumin da ake cewa shi ya kai yoga Amurka bai koya wa kowa tsayuwa da ka ba. Ka ji fa.

19/ Ajin da muka sani ɗan ƙarni na 20 ne. Shri Yogendra ya buɗe cibiyarsa a Bombai, wato Mumbai ta yanzu, a 1918. Swami Kuvalayananda ya buɗe tasa a Lonabla a 1924, yana auna numfashi da bugun jini da kayan asibiti don ya nuna abin na da amfani ga lafiya. Lokaci ne da matasan Indiya ke son ƙarfafa jiki, saboda Turawa sun daɗe suna yi musu gorin rauni.

20/ Sai babban cikinsu, Tirumalai Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989. Sarkin Maisur, Krishna Raja Wadiyar na huɗu, ya ba shi wuri a fadar Jaganmohan, ya buɗe makaranta a 1933 yana koyar da samarin gidan sarauta da wasu yaran gari. Manyan malaman da suka yaɗa yoga a duniya da yawansu daga hannunsa suka fito.

21/ Wani masani, Mark Singleton, ya fitar da littafi a 2010 yana cewa yogar wannan zamani ta ɗebi abubuwa daga atisayen 'yan kokawar Indiya da kuma motsa jikin Turawan Suwidin da Denmak da ake koyarwa a makarantu da barikin soja. Akwai masu ja da shi, suna ganin ya rage wa tsohuwar al'ada hakkinta. Ni dai da na ga 'yan kokawa a ciki na yi murmushi. Wanda ya taɓa kallon 'yan kokawarmu suna ɗumama jiki kafin a shiga fili zai ga dangantakar.

22/ Daga nan dokar lokaci ta shigo. Da zarar an jera mutane layi-layi, malami a gaba yana ƙirga, kowa na shaƙa da fesarwa tare, wanda ya turo ƙofa a tsakiya ya tsinka wa kowa zare. Kuma shi kansa ya rasa ɗumama jiki, ya faɗa cikin mai wuya da jijiya a sandare. Shi ya sa wurare da yawa ke rufe ƙofa in an fara. Ka iso da minti goma a hannu, ka kashe waya ka bar ta a jaka, in kana da rauni ko tiyata ko juna biyu ka sanar da mai koyarwa tun kafin a shimfiɗa tabarma.

23/ Krishnamacharya mutum ne mai zafi. Ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda ya zo wurinsa a 1934 yana yaro mai yawan ciwo, ya ba da labarin yadda malamin ya sa shi ware ƙafafu gaba da baya har ƙasa a gaban baƙi, abin da bai taɓa koya ba. Ya yi don tsoro, jijiyar cinyarsa ta yage, ya daɗe yana jinya. Iyengar ɗin ne daga baya ya fitar da Light on Yoga a 1966, kuma salonsa ne ya yi suna da amfani da bulo na katako da ɗamara da bargo don mai rauni ya yi daidai ƙarfinsa.

24/ Don haka in mai koyarwa ya ce "in ka ji zafi ka tsaya", ba lallashi yake ba. An ji jiki kafin a kai ga wannan jimlar. Kuma kada ka saci kallon na kusa da kai ka ce sai ka yi yadda ya yi. Ba gasa ake ba, ba a ba da kofi.

25/ 'Yan mata, ga taku. Eugenie Peterson, haifaffiyar Riga a 1899, wadda duniya ta sani da Indra Devi, ta nemi Krishnamacharya ya koya mata a ƙarshen shekarun 1930. Ya ƙi, don mace ce kuma baƙuwa. Sai da fada ta sa baki. Ya ɗora mata dokokin abinci masu tsauri ko za ta gudu, ba ta gudu ba. Ta koyar a Shanghai, sannan a ƙarshen shekarun 1940 ta buɗe aji a Holiwud, taurarin fim suka yi mata caa. Ta rasu a Ajantina a 2002 tana da shekara 102. Yau in ka shiga aji a ƙasashe da yawa mata ne suka fi yawa, a abin da aka taɓa hana mace shiga.

26/ Yanzu tabarmar Hajiya. Tsofaffin 'yan yoga a kan ciyawa suke zama, ko ƙyalle, ko fatar barewa ko ta damisa. Fata fa. Buzu ke nan. Tabarmar roba ta yanzu ba ta ma kai Babana shekaru ba: a 1982 wata malamar yoga 'yar Ingila, Angela Farmer, tana koyarwa a Jamus, ta yanki robar da ake sakawa ƙarƙashin kafet don ta daina zamewa. Ɗalibai suka so, mahaifinta ya fara sayarwa.

27/ Da na karanta kalmar fata sai komai ya zauna min. A cikinmu wa zai taka buzun Malam? Wa zai bi ta kan dardumar wani da ƙafa yana zaune a kai? Hajiya a nan take ɗora goshi da tafin hannu. Ni kuma na zo da takalmin da ya sha ƙurar tasha. Hajiya in kina ganin wannan zaren, ki yafe ni don Allah 🙏🏾

In tabarmar aro ce, ka goge ta ka mayar inda ka ɗauko. In ɗaki ya cika, ka matsa wa wanda ya zo bayanka.

28/ Kwanciyar ƙarshe da na gudu na bari sunanta shavasana, kuma shava gawa ke nan a Sanskirit. Kwanciyar gawa. Na gode Allah ban san wannan fassarar ba daren da Baba ya titsiye ni. Tana cikin asana 15 na littafin ƙarni na 15 ɗin nan, an ce tana kawar da gajiya ta kwantar da hankali. Minti biyar zuwa goma ce, bugun zuciya ya sauka, numfashi ya daidaita. Mutane da yawa don ita suke zuwa. Mai tashi a lokacin kamar mai kunna rediyo ne a ɗakin da aka samu jariri ya yi barci da ƙyar.

29/ In dole ne ka fita da wuri, ka faɗa tun farko, ka shimfiɗa kusa da ƙofa, ka sulale kafin a kwanta.

30/ Akwai ladabin da ke kan malami, kuma tarihinsa ba daɗi. A wasu salo mai koyarwa kan zo ya danna maka baya ko ya gyara maka ƙugu da hannu. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hakkinsa, ba mai tambaya. Pattabhi Jois, wani babban ɗalibin Krishnamacharya da ya rasu a 2009, mata da dama sun fito sun zarge shi da taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara. A 2019 jikansa da ya gaje shi ya fito fili ya amsa cewa an cutar da mutane, ya ba da haƙuri.

31/ Sai Bikram Choudhury, mai yoga a ɗaki mai zafin kusan digiri 40, asana 26 cikin minti 90. Mutanen Amurka na biyan kuɗi a dafa su, abin da Warra ke ba mu kyauta a watan Afrilu. A 2016 kotu a Los Anjelis ta ce ya biya tsohuwar lauyarsa sama da dala miliyan 6 a ƙarar da ta shigar kan cin zarafi da kora daga aiki, daga baya ya bar ƙasar.

32/ Bayan irin waɗannan ne wurare da yawa suka fito da ɗan kati da kake ajiyewa gefen tabarma, fuska ɗaya na nufin a gyara ni da hannu, ɗayar na nufin kada a taɓa ni. Inda ba kati, baki ya isa. Malamarmu ta tambaye ni ranar farko, na ce a'a, ta koma gyara ni da magana, ba ta canza fuska ba. 'Yar'uwa, in kin je wuri aka taɓa ki ba izini, ba ƙauyanci ba ne ki ce a daina, ko ki naɗe tabarmarki ki tafi. Kuma tambayar ko akwai ajin mata zalla hakkinki ne tun a waya. Kaya kuwa masu yalwa da ba sa buɗewa in an sunkuya sun wadatar, ba dole sai matsattsun da kuke gani a Instagram ba.

33/ To, mu zo kan tambayar Baba ta biyu: don wa suke yi?

34/ Namaste da ake rufe aji da ita gaisuwa ce ta yau da kullum a Indiya, kun sha jin ta a fim ana yi wa surukai. Asalin kalmar daga rusunawa take. Mu ma gardamar rusunawa a gaisuwa tsohuwa ce a wurinmu, tun Shehu Usmanu yana sukar afi, wato zuba ƙasa a ka a gaban sarakuna. Ba wanda zai kore ka don ka ce na gode maimakonta. Haka in ana jan "Om", ka yi shiru abinka. Ladabin kawai shi ne kada ka yi dariya ko tsaki, don wani a ɗakin abin na da girma a zuciyarsa.

35/ Inda na sha kaye shi ne jerin motsin da nake yi a bakin ruwa. Sunansa surya namaskar. Surya rana ce. Gaisuwar rana. Ba ya cikin littafin ƙarni na 15. Wanda ya yaɗa shi a matsayin atisaye sarkin wata ƙaramar masarauta ce, Aundh, mai suna Bhawanrao Pant Pratinidhi, a shekarun 1920 da 1930, har ya sa a riƙa yi a makarantun ƙasarsa. Amma girmama rana tsohon abu ne a addinin Hindu, kuma a asalin tsarin ana haɗa motsin da ambaton sunayen rana.

36/ Ni kuma ina yin sa daidai lokacin da rana ke ɓullowa. Lokacin da ko nafila an hana mu, saboda kada a yi kama da masu bauta mata. Ban sani ba, ban yi niyya ba, bayana ma na ba ranar. Amma wanda ya kai ƙarata gida bai yi hauka ba. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, da na karanta wannan haushin ya koma kaina.

37/ Kuma ba mu kaɗai ke wannan tambayar ba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga, sai Firaminista Abdullah Badawi ya ce ana iya yi in ba a haɗa da ambaton addini ba. A Janairun 2009 majalisar malaman Indonesiya ta raba abin biyu, ta hana mai ɗauke da ibadar Hindu, ta bar wanda motsa jiki ne zalla. A 2017 Saudiyya ta amince a koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki, bayan ƙoƙarin wata 'yar ƙasar, Nouf Marwaai.

38/ Ko a Indiya, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, a ƙudurin 11 ga Disamban 2014 da ƙasashe 177 suka mara wa baya, ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi kan gaisuwar rana. A bikin farko na 2015, inda mutum 35,985 suka taru a Delhi, ba a sa ta cikin jerin hukuma ba.

39/ Kiristoci ma sun yi tasu. Jihar Alabama a Amurka ta hana yoga a makarantun gwamnati tun 1993, sai 2021 ta janye, da sharaɗin ba namaste, ba ambato, kuma sunayen motsin da Turanci. Ta ɗaya gefen kuma akwai 'yan Hindu da ke jin zafin yadda aka kwashe abinsu aka cire masa ruhi ana sayarwa. Su ma ina ganin suna da gaskiyarsu.

40/ Ni ɗalibin jami'a ne, fatawa ba aikina ba ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da zan ce kawai, kafin ka biya kuɗin aji ka tambayi mai koyarwa: akwai ambato? Akwai gaisuwar rana? Maza da mata a haɗe ne? Ana taɓa ɗalibi? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi ya ba ka amsa ke nan.

41/ Na koma zaure da takarduna bayan sati biyu. Na ce, "Baba, na samo abin da kuka ce." Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba sai a wurin al-Biruni, ya ce in maimaita sunan. Da na gama ya ce, "Ta ranar nan ka bar ta. Ambatonsu ba naka ba ne. Wadda ke warkar maka da baya ka yi ta a ɗaki, ba a bakin ruwa ba, kuma ba da hantsi na fitowa ba. Gobe ka je ka karanta wa Malam abin da ka karanta min."

42/ Na je. Malam ya ƙara min sharaɗi ɗaya da Baba bai faɗa ba, wai in je in gaida wanda ya kai ƙarata. Na je, ya ba ni goro.

43/ Kakana na wajen uwa yana gefe ranar da nake gwada wa ƙannena wadda ake durƙusawa a miƙa hannuwa gaba a kifa goshi. Shi a tsibiri aka haife shi, yana saurayi ruwan madatsar Kainji ya ci garinsu a 1968 aka kwaso su tudu. Ya kalle ni ya kalle ni, ya ce su in sun wuni suna tuƙa jirgi haka suke yi a kan yashi kafin su iya miƙewa, kuma ba wanda ya taɓa karɓar musu ko sisi. Ya tambaye ni nawa nake biya a Abuja. Na faɗa masa rabin kuɗin, duk da haka sai da ya yi salati.

44/ Har yanzu in na bi ta kasuwa akwai masu kira na Liman mai kallon yamma. Wanda ya san ajin maza zalla a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya ajiye min a ƙasa, hutu ya kusa ƙarewa kuma motar Kontagora na jira na.